'Yan Kasadar Hong Kong da Fim ɗin Enter the Dragon

Fim ɗin Enter the Dragon, wanda ya fito a shekarar 1973, shi ne mafi shahara a cikin finafinan da suka gwama labarin manyan masu laifi da fasahar faɗa ta Sinawa, wato abin da duniya ta sani da sunan kung fu, kalmar da a asalinta take nufin duk wata gwaninta da mutum ya samu bayan doguwar wahala, ko a faɗa ne, ko a girki, ko a rubutu. Sunayen da ake dangantawa da shi sanannu ne: Bruce Lee da John Saxon da Jim Kelly a sahun gaba na 'yan wasa, Robert Clouse a matsayin darakta, Michael Allin a matsayin marubucin labari, Fred Weintraub da Paul Heller da Raymond Chow a matsayin masu shiryawa, sai kuma Lalo Schifrin, ɗan asalin ƙasar Ajantina, wanda ya tsara kiɗa. Waɗanda ba a cika ambata ba su ne gomman samarin da suka sha naushi da hauri, aka maka su da bango, aka tattake su a ƙasa, domin jarumin ya fito gagarabadau a idon mai kallo, alhali kuwa a wurin waɗannan samari ne tarihin sana'ar yake, kuma su ne suka gaje ta bayan mutuwar jarumin.

A harshen Kanton, wanda shi ne harshen akasarin mutanen Hong Kong, ana kiran irin waɗannan ma'aikata lung fu mou si, ma'ana gwanayen faɗa na lung da damisa. Lung kuwa wata dabba ce ta almara mai siffar ƙaton maciji, wadda Sinawa ke ɗauka alamar ƙarfi da sarauta, kuma ita ce ake nufi da kalmar ƙarshe ta sunan fim ɗin. A Hausa za a iya kiransu 'yan kasada, tun da aikinsu shi ne ɗaukar haɗarin da ba za a bar babban ɗan wasa ya ɗauka ba. Sunan nasu daga dandamalin opera ya fito, wato wasan kwaikwayon gargajiya na Sinawa wanda ya haɗa waƙa da kiɗa da rawa da alkafura, inda ake nuna yaƙi ta hanyar tsararrun motsi da ke bin bugun ganga da ƙarar kuge. A kan irin wannan dandamali akwai manyan 'yan wasa masu rera waƙa, akwai kuma ƙanana waɗanda aikinsu shi ne su shigo a matsayin dakaru, su yi tsalle, su wulwula a iska, su zube ƙasa da zarar sarkin yaƙi ya ɗaga mashinsa. Wasan opera na Beijin, wanda ya bunƙasa a arewacin ƙasar, shi ya fi yin fice wajen alkafura da tsananin horon jiki, don haka malamansa ne ƙungiyoyin kudu ke nema idan suna son kyautata fagen yaƙi a wasanninsu.

A birnin Shanghai aka fara shigar da wannan gwaninta cikin fim. A shekarar 1928 kamfanin Mingxing ya fitar da The Burning of the Red Lotus Temple, wato labarin ƙona haikalin jan bado, wanda ya samu karɓuwar da ta sa aka ci gaba da shi har kashi 18 a cikin kimanin shekaru uku. Wannan nau'in labari shi ake kira wuxia, labarin jaruman takobi masu yawo suna ƙwatar wa raunana haƙƙinsu, waɗanda ke tashi sama kamar tsuntsaye suna kuma sarrafa asiri. Gwamnatin jam'iyyar Kuomintang ta ga cewa irin waɗannan finafinai suna cusa wa talakawa camfi, ta haramta su a farkon shekarun 1930. Bayan haka aka shiga yaƙi da Japan a 1937, aka biyo da yaƙin basasa, har zuwa nasarar 'yan kwaminisanci a 1949, kuma kowace girgiza daga cikin waɗannan ta kora ayarin masu kuɗi da daraktoci da malaman opera da malaman faɗa zuwa Hong Kong, wadda take ƙarƙashin mulkin mallakar Birtaniya. Yawan mutanen birnin, wanda bai wuce kimanin 600,000 ba a 1945, ya haura miliyan biyu a farkon shekarun 1950.

A shekarar 1949 ɗin ce darakta Wu Pang ya fara jerin finafinai a kan Wong Fei-hung, wani mai maganin gargajiya kuma malamin faɗa na lardin Guangdong da ya rasu a tsakiyar shekarun 1920, inda Kwan Tak-hing, shi ma ɗan opera, ya fito a matsayin malamin a finafinai sama da 70. A wannan jeri ne magudanan ruwa biyu suka haɗu. Ta ɓangare ɗaya akwai malaman faɗa na kudu, irin su Lau Cham, almajirin Lam Sai-wing, wanda shi kuma almajirin Wong Fei-hung ne na haƙiƙa, masu salon Hung Gar da ya dogara kan kafa ƙafa daram a ƙasa da dukan hannu mai nauyi. Ta ɗaya ɓangaren akwai 'yan operar arewa, irin su Yuen Siu-tien, masu tsalle da juyi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: ɗan na farko, Lau Kar-leung, da ɗan na biyu, Yuen Woo-ping, duk sun taso a wuraren ɗaukar fim, duk kuma sun zama manyan masu tsara faɗa. Wanda ya riƙa fitowa a matsayin mugu a wannan jeri, yana shan kaye a hannun malam fim bayan fim, shi ne Shih Kien, har ta kai mutanen Hong Kong suka mayar da sunansa laƙabin da ake yi wa duk wani maƙetaci.

Makarantar da ta fi kowace tasiri a kan sana'ar ƙarama ce, ta wani malamin operar Beijin mai suna Yu Jim-yuen, wadda aka sani da China Drama Academy. Iyaye matalauta, ko waɗanda aiki zai kai su wata ƙasa, kan kawo ɗansu ko 'yarsu su rattaba hannu kan yarjejeniyar shekaru bakwai ko goma, wadda ta ɗora wa malam ciyarwa da tufatarwa da koyarwa, ta kuma ba shi ikon horo da abin da yaron ya samu a wasanni. Kamar yadda ɗaliban suka ba da labari bayan sun girma, akan tashe su tun kafin ketowar alfijir, su wuni suna tsayuwa da hannu ƙafafu a sama, suna miƙe gaɓoɓi, suna alkafura, suna koyon sanda da takobi da mashi da waƙa, su kwana a ƙasan ɗakin da suka yi atisaye, kuma sandar malam ba ta nisa da hannunsa. Idan ɗaya ya yi laifi, sau da yawa duka akan haɗa a zane. Karatun boko kaɗan ne ƙwarai a wurin. Kowane ɗalibi yakan ɗauki kalmar Yuen daga sunan malam ya sa a farkon sunansa na wasa, alamar cewa ya zama ɗan gida: Sammo Hung, wanda aka haifa a 1952, shi ne Yuen Lung, Jackie Chan, wanda aka haifa a 1954, shi ne Yuen Lo, akwai kuma Yuen Biao da Yuen Wah da Yuen Kwai da Yuen Qiu, waɗanda suka riƙe sunan har girmansu. Fitattun cikinsu su ne ake fitarwa wasa da sunan Seven Little Fortunes, wato ƙananan masu sa'a bakwai. Tsarin girma a tsakaninsu bai bi shekarun haihuwa ba, ya bi ranar shiga makaranta, shi ya sa Sammo Hung ya kasance babban wa a wurinsu, matsayin da bai taɓa sauka daga kansa ba. Akwai wata makarantar makamanciyarta a ƙarƙashin wata malama, Fan Fok-fa, wadda ta yaye Lam Ching-ying da Tung Wai.

Abin takaicin shi ne, lokacin da waɗannan yara suka ƙware, kasuwar da aka horar da su dominta ta riga ta watse, domin sinima da talabijin sun janye 'yan kallo daga dandamalin opera. Saurayin da ya shafe ƙuruciyarsa yana koyon juyi a iska, wanda ba shi da takardar shaidar makaranta, ba shi da inda zai nufa sai ƙofar kamfanin fim, inda ake ɗaukar 'yan kasada a kan ladan yini, ba albashi, ba inshora, ba tabbacin aikin gobe. Sana'ar tana da matakai kamar kowace sana'ar koyo: sabon shiga yakan fara da kwanciya a matsayin gawa a fagen yaƙi, daga nan ya zama ɗaya daga cikin taron da jarumi ke tarwatsawa, sannan a amince masa ya sa kayan babban ɗan wasa ya yi tsallen da shi ba zai iya ba, yana kawar da fuskarsa daga kyamara, har wata rana ya zama mataimaki ga mai tsara faɗa. Wanda ya ƙi yin tsalle mai haɗari yau, da wuya a kira shi gobe, wanda kuma ya yi ya ji ciwo yakan ɓoye ciwon.

Muƙamin mai tsara faɗa ya samu cikakken matsayinsa ne a kamfanin Shaw Brothers na Run Run Shaw, wanda ya buɗe katafaren sansanin ɗaukar fim a Clearwater Bay a 1961. A can darakta King Hu ya yi Come Drink with Me a 1966 tare da Han Ying-chieh, ɗan operar Beijin, a matsayin mai tsara faɗa, a can kuma Chang Cheh ya yi One-Armed Swordsman a 1967 tare da Lau Kar-leung da Tang Chia, fim ɗin da ya fara tara dalar Hong Kong miliyan ɗaya a gidajen sinimar birnin. Hanyar aikin da suka kafa ta sha bamban da ta Holiwud. A Amurka akan ɗauki faɗan gaba ɗaya daga nesa, a sake ɗaukarsa daga kusurwoyi daban-daban, a miƙa wa mai tace hoto ya harhaɗa. A Hong Kong kuwa mai tsara faɗa yakan ƙirƙiri motsin nan take a wurin, ya ɗauki motsi kaɗan-kaɗan, kowanne da inda ya zaɓa a dasa kyamara, ta yadda an riga an tace faɗan tun kafin a kai shi ɗakin tacewa, kuma sau da yawa darakta kan ja gefe ya bar masa fagen. Dabarunsu ba masu tsada ba ne: siraran wayoyin ƙarfe da ake ɗaga mutum da su, ɗamararren gadon tsalle da ake ɓoyewa a bayan dutse, hoda da ake barbaɗawa a takalmi domin ƙura ta tashi idan hauri ya sauka, da kuma rage saurin kyamara daga hotuna 24 a daƙiƙa zuwa wajen 22, domin motsin ya ƙara sauri idan an haska shi.

Duk da haka, babbar dabarar tana jikin ɗan kasadan ne. Naushin da ake gani a fim bai cika taɓa kowa ba, saboda haka ƙarfinsa ba ya fitowa daga hannun mai duka, yana fitowa ne daga wuyan wanda aka doka: yadda ya fizge kansa a daidai lokacin, yadda ƙafafunsa suka bar ƙasa, yadda ya faɗi da gadon bayansa a kan daɓe ba tare da ya kare kansa da hannu ba. Idan ya riga naushin da ƙiftawar ido, ƙarya ta bayyana. Idan ya makara, haƙoransa ne za su biya. Wannan auna lokaci shi ne ainihin abin da shekaru goma na bin bugun ganga suka dasa a jikin 'yan opera, shi ya sa kuma gwanayen faɗa na gaske, waɗanda suka ci gasa a fage, sukan kasa a gaban kyamara, domin an koya musu ɓoye niyyarsu da taƙaita motsinsu, alhali fim yana buƙatar a buɗe motsin yadda na kujerar baya zai gani.

Bruce Lee ba daga makarantar opera ya fito ba, ko da yake mahaifinsa, Lee Hoi-chuen, sanannen ɗan operar Kanton ne, kuma a lokacin da yake rangadin wasa a Amurka ne aka haifi yaron a San Francisco ranar 27 ga Nuwamba, 1940. A Hong Kong ya girma, ya fito a finafinai kusan 20 tun yana yaro da sunan Siu-lung, wato ƙaramin lung, ya koyi salon Wing Chun a wurin Ip Man, ya koma Amurka a 1959, inda ya buɗe makarantun faɗa, ya ƙirƙiri tafarkinsa da ya kira Jeet Kune Do, ya kuma fito a matsayin Kato a shirin talabijin The Green Hornet daga 1966 zuwa 1967. Da Holiwud ta ƙi ba Basine jagorancin fim, sai ya amsa tayin Raymond Chow, wanda ya bar Shaw Brothers ya kafa Golden Harvest tare da Leonard Ho a 1970. The Big Boss na 1971, wanda aka ɗauka a garin Pak Chong na ƙasar Tailan, shi ma labarin masu laifi ne, na masu ɓoye miyagun ƙwayoyi a cikin ƙanƙara, kuma mai tsara faɗansa, wanda ya fito a matsayin ubangidan miyagun, shi ne Han Ying-chieh ɗin nan na King Hu. Fist of Fury da The Way of the Dragon suka biyo baya a 1972, kowanne ya zarce na gabansa wajen ciniki. Lee ya raina dogon musayar hannu irin na opera, ya fi son duka ɗaya ko biyu masu kashe magana, amma wannan salon ya fi kowanne dogara ga mai faɗuwa, kuma tsofaffin 'yan kasada sun sha ba da shaida cewa yana girmama su, yana zama cikinsu ya ci abinci.

Kamfanin Warner Brothers ya shigo ne a daidai lokacin da ya fahimci akwai kasuwa, abin da ya tabbata a watan Maris na 1973 da ya rarraba King Boxer na Shaw Brothers a Amurka da sunan Five Fingers of Death, fim ɗin ya yi ciniki ba kaɗan ba. Tun kafin nan an ƙulla haɗin gwiwa da Concord, kamfanin Lee da Chow, a kan kasafin kimanin dalar Amurka 850,000, kuɗin da a Holiwud ƙarami ne, a Hong Kong kuwa babba. Labarin da Allin ya rubuta, wanda da farko aka sa wa suna Blood and Steel kafin Lee ya dage a canza, ya ɗebo abubuwa da yawa daga finafinan James Bond, musamman Dr. No na 1962: wani jami'in leƙen asiri, Braithwaite, ya nemi wani gwanin haikalin Shaolin ya shiga gasar faɗa da ake yi duk shekara uku a tsibirin Han, tsohon ɗan haikalin da ya ci amana ya koma fataucin miyagun ƙwayoyi da mata. Duk fim ɗin da ya haɗa masu laifi na zamani da faɗan hannu yana fuskantar tambaya guda, wato me ya hana wani ya zaro bindiga a huta, kuma marubucin ya rufe wannan ƙofa da cewa Han ya haramta shiga da bindiga tsibirinsa. Dabara ce mai sauƙi, amma ita ta ba da damar duk abin da ya biyo baya.

Da yake kamfanin bai amince Basine shi kaɗai zai jawo 'yan kallon Amurka ba, sai aka raba jarumtar gida uku. John Saxon, ƙwararren ɗan wasa da ya taɓa koyon judo da karate, ya fito a matsayin Roper, ɗan caca da bashi ya koro. Jim Kelly, baƙar fata wanda ya ci kambun matsakaita nauyi a gasar karate ta Long Beach a 1971, ya samu matsayin Williams ne a ƙurarren lokaci bayan Rockne Tarkington ya janye, kuma fitowarsa a matsayin wanda ya doke 'yan sanda masu wariyar launin fata ta sa fim ɗin ya shiga zukatan baƙaƙen Amurka, duk da cewa labarin ya kashe shi tun kafin ƙarshe. Bob Wall, shi ma zakaran karate, shi ne O'Hara mai tabo a fuska, Ahna Capri kuma uwar ɗakin matan tsibirin.

Ɓangaren Sinawa ya fi zurfin tarihi. Han shi ne Shih Kien, wanda aka haifa a 1913, wato yana da kimanin shekara 60, ya kuma shafe fiye da shekara ashirin yana muguntar fim. Da yake ba ya jin Turanci, bakinsa kawai yake motsawa, daga baya Keye Luke ya ɗora murya a kai. Angela Mao, wadda ta fito a matsayin 'yar'uwar jarumin da ta gwammace ta kashe kanta da fasasshen gilashi da ta faɗa hannun O'Hara, 'yar makarantar opera ce ta Taiwan, kuma a lokacin ita kanta jaruma ce mai jagorantar finafinai irin su Hapkido na 1972, abin da ya sa 'yan mintocin da aka ba ta suka yi mata kaɗan. Yang Sze, mai gina jiki, ya fito a matsayin Bolo, sunan kuma ya bi shi har ya zama Bolo Yeung.

An fara ɗauka a farkon 1973, kuma ba a wanye lafiya ƙalau ba, domin Amurkawa kaɗan ne a tsakiyar ɗaruruwan ma'aikata Sinawa, sai da tafinta ake magana, kowane ɓangare kuma yana ganin ɗayan bai san aiki ba. Bisa al'adar Hong Kong ba a naɗi sauti a wurin ba, duk magana da ihu da ƙarar duka daga baya aka ɗora su. Lee ya yi ta kai ruwa rana da marubucin a kan yadda aka zana Sinawa da kuma rashin falsafar faɗa a labarin, a wani fage kuma fasasshiyar kwalba ta gaske da ke hannun Bob Wall ta yanke shi a hannu har aka yi masa ɗinki. Faɗan ƙarshe, wanda aka yi a ɗakin da aka lulluɓe da madubai, ya wahalar da mai ɗaukar hoto Gilbert Hubbs, tun da duk inda aka dasa kyamara sai ta hango kanta, amma ya warware wata matsalar, domin ruɗanin madubai ne ya sa ya yiwu a yarda dattijo ɗan shekara 60 zai ja da Lee na tsawon mintoci.

Lee ne aka rubuta a matsayin mai tsara faɗa, kuma da gaske shi ya tsara, sai dai hannayen da suka aiwatar na 'yan opera ne. Wanda ya kara da shi a fagen farko a harabar haikali, fagen da Lee ya ɗauka da kansa bayan an gama babban aikin, shi ne Sammo Hung, wanda a lokacin ya riga ya zama mai tsara faɗa a Golden Harvest. Alkafurar da ake gani jarumin ya yi a ƙarshen wannan fage, da wadda ya yi ta baya a karawarsa da O'Hara, Yuen Wah ne ya yi su, domin Lee bai koyi wannan fanni ba. Lam Ching-ying ya taimaka wajen tsara faɗa, ya kuma tsaya a madadin Shih Kien a wuraren da suka fi ƙarfin dattijon. Matashin da jarumin ke koya wa hauri yana ranƙwashinsa a ka shi ne Tung Wai. Jackie Chan kuma yana cikin masu gadin kogon ƙarƙashin ƙasa, shi ne wanda aka damƙi gashin kansa aka karya masa wuya, kuma ya sha ba da labarin yadda a wani fagen sandar Lee ta same shi da gaske a fuska, da yadda ya ƙara wa ciwon gishiri domin jarumin ya daɗe yana rarrashinsa.

Lee bai ga fitowar fim ɗin a Amurka ba. Ya yanke jiki ya faɗi ranar 10 ga Mayu, 1973, yana cikin aikin ɗora murya, ya farfaɗo, sannan ya rasu ranar 20 ga Yuli sakamakon kumburin ƙwaƙwalwa, yana da shekara 32, aka kuma haska fim ɗin a Amurka a watan Agusta, ya mayar da kuɗinsa ninkin-ba-ninkin. Kasuwar da ya buɗe ta kai har gidajen sinimar Kano da Kaduna da sauran biranen ƙasar Hausa, inda finafinan Canis suka samu nasu dararen a gefen na Indiya, 'yan kallo kuma suka riƙa kiran babban mugun kowane fim da sunan bos. A Hong Kong kuwa abin da ya fara biyowa baya kwaikwayo ne marar kunya, na 'yan wasan da aka laƙaba wa sunaye irin su Bruce Li da Bruce Le, har ma Golden Harvest ya kira Clouse ya ƙarasa Game of Death a 1978 da 'yan mintocin da Lee ya bari, Sammo Hung yana tsara faɗa, wasu kuma, ciki har da Yuen Biao, suna tsayawa a madadin mamacin.

Mafita ta zo ne da 'yan kasadan suka daina kwaikwayon Lee suka koma ga abin da suka gada. A 1978 Yuen Woo-ping ya ba da umarnin Snake in the Eagle's Shadow da Drunken Master, Jackie Chan yana jarumi, tsoho Yuen Siu-tien yana malami, inda aka gwama faɗa da barkwanci da dogon musayar hannu irin na opera. Sana'ar ta tsaru gida-gida, kowane ubangida da yaransa: gidan Hung, gidan Chan, gidan Yuen, gidan Lau, suna gasar wanda zai fi wani kasada. Da aka shigar da kyautar tsara faɗa cikin kyaututtukan fim na Hong Kong a 1983, The Prodigal Son na Sammo Hung da Lam Ching-ying da Yuen Biao ne ya fara ɗauka. Police Story na 1985 ya maido da faɗan cikin labarin 'yan sanda da dillalan ƙwaya, wannan karon a tsakiyar birni, cikin motoci da kantuna, inda Chan ya sulalo daga bene ta jikin wani dogon ƙarfe da aka naɗe da fitilu ya ƙone tafin hannunsa. Haka kuma ƙoƙon kansa ya fashe a Yugoslabiya wajen ɗaukar Armour of God. Raunukan jarumi akan nuna su a ƙarshen fim su zama talla, na yaransa kuwa, waɗanda wasunsu suka nakasa, ba su cika fita daga cikin gida ba, kuma sai a 1993 'yan kasadar suka kafa ƙungiyarsu.

Daga tsakiyar shekarun 1990 masana'antar ta fara ja da baya, yawan finafinan da ake yi a shekara ya ragu ƙwarai daga sama da 200 da ake yi a farkon shekarun, manyan gwanaye suka bazu. Yuen Woo-ping ya tsara faɗan The Matrix a 1999 da na Crouching Tiger, Hidden Dragon a 2000, Yuen Kwai ya yi aiki a Holiwud da Faransa da sunan Corey Yuen, sauran ayyukan kuma suka koma babban yankin ƙasar Sin, inda makarantun wushu, wato faɗan da aka mayar wasan motsa jiki na gasa, ke yaye matasa da yawa masu arha. Malam Yu Jim-yuen, wanda Sammo Hung ya fito a matsayinsa a fim ɗin Painted Faces na 1988, ya rasu a Amurka a 1997, shekarar da Birtaniya ta miƙa Hong Kong ga ƙasar Sin, a shekarar kuma Lam Ching-ying ya rasu yana da shekara 44. A 2004 aka shigar da Enter the Dragon cikin kundin finafinan da Amurka ke adanawa saboda muhimmancinsu, a shekarar ce kuma Yuen Wah, wanda fuskarsa ba ta bayyana ba lokacin da yake alkafura a madadin Lee, ya fito a matsayin mai gidan haya a Kung Fu Hustle na Stephen Chow, rawar da ta kawo masa kyautar mataimakin jarumi a Hong Kong. Tung Wai ya zama ɗaya daga cikin masu tsara faɗa da suka fi tara kyaututtuka a birnin, kuma a 2024 ya zama jarumin wani fim mai suna Stuntman, inda ya fito a matsayin tsohon mai tsara faɗa da aka kira ya dawo aiki bayan shekaru, ya tarar matasan da ke fagen ba su yarda a karya su saboda hoto ba.